Tseren Phillip Island na 2013: lissafin zagaye ne ya kori Marquez

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in warware wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu bin gasar babura ta duniya, MotoGP. Duk sa'ad da aka tuno tseren Ostareliya na ranar 20 ga Oktoba, 2013, sai ka ji ana cewa an kori Marc Marquez ne don ya gogi Jorge Lorenzo. Gugar ta faru kam, amma abin da ya jawo masa baƙar tuta, wato alamar kora daga tsere, shi ne zagaye ɗaya da ya ƙara a kan tayar da aka ce kada ta wuce goma.

Tushen rikicin kwalta ce. An sake shimfiɗa ta a filin Phillip Island a ƙarshen 2012, kuma kamfanin Bridgestone, wanda shi kaɗai ke bai wa ajin MotoGP taya a lokacin, bai gwada tayoyinsa a kanta da baburan gasar ba kafin makon tseren. Sabuwar kwalta tana kama taya sosai. Abin so ne ga matuƙi, domin zai kwanta cikin kwana ya murɗa totur da wuri, kuma an ga haka ranar Asabar da Lorenzo ya kafa tarihin minti 1 da daƙiƙa 27.899 ya karɓi gurbin farko na tashi. Sai dai yawan kamu shi ne yawan zafi. Filin kilomita 4.448 ne, kwana 12, bakwai daga cikinsu na hagu, kuma biyun ƙarshe dogaye ne da ake ratsawa a guje, babur a kwance, inji mai siisii 1000 yana tura tayar baya. Gefen hagu na tayar ba ya samun sararin hucewa. Idan zafi ya wuce kima a cikin robar, sai ta yi bororo daga ciki, bororon ya fashe, roba ta fara ɓarewa gunduwa-gunduwa. Ga kuma miƙaƙƙiyar hanya nan take bayan kwanar ƙarshe, inda ake haura kilomita 300 a awa. Kowa ya san abin da fashewar taya a nan ke nufi.

Tseren zagaye 27 ne a tsari. Ranar Asabar hukumar tseren ta mai da shi 26, ta wajabta canja babur a tsakiya, kada taya ta wuce zagaye 14. Da aka duba tayoyi bayan ɗan atisayen safiyar Lahadi, aka ga ko 14 ɗin ba za su kai ba, sai aka sake yanke shi zuwa 19, iyakar kowace taya zagaye 10. Ajin Moto2 ma, wanda ke ƙasa da MotoGP kuma yake kan tayar Dunlop, an datse nasu zuwa zagaye 13. Dokar canja babur daman tana nan tun 2005 saboda ruwan sama, amma tilasta ta a busasshiyar hanya sabon abu ne a ranar.

Lissafin ba shi da wuya. Sha tara ba ta rabuwa sai tara da goma, ko goma da tara. Ƙofa biyu ke nan: a shiga gareji a ƙarshen zagaye na 9 ko a ƙarshen na 10. Dani Pedrosa ya shiga ta farko. Lorenzo ya shiga ta biyu. Marquez, da ke manne da shi, ya zarce ya tsallaka layin da ake ƙirga zagaye. Da tsallakawar nan magana ta ƙare, domin ba shi da hanyar komawa gareji sai ya kewayo filin duka, wato zagaye na 11 a kan taya guda. Ƙungiyar Honda, wadda Marquez ke tuƙa wa babur, daga baya ta amsa cewa ita ta fahimci dokar a karkace: ta ɗauka za a iya cika goma cif, sannan a shigo cikin na sha ɗaya.

A nan ne nake ganin ana ɗora wa yaron kayan da ba nasa ba. A lokacin matuƙin MotoGP ba shi da rediyo a kunne kamar direban Formula 1. A 2013 abin da ke haɗa shi da mutanensa allo ne da ake ɗaga masa a bakin katanga, ya kalla da wutsiyar ido yana wucewa kamar walƙiya. Mutumin da ke kokawa da babur mai nauyin kilo 160, yana neman inda zai kutsa wa Lorenzo, zakaran duniya na lokacin, ba shi ne zai zauna ƙirga ba. Tsarin da aka ba shi kafin tashi shi ya bi. Duk da haka ban ga laifin hukuma ba. Wasu sun ce ai da ratsa layin gareji aka sa shi ya yi ya isa hukunci, to amma iyakar goma ɗin ta kare rai ce, kuma hotunan tayar da ya sauka a kanta sun nuna robar ta riga ta fara ɓarewa. Ba shi kaɗai aka ɗaga wa baƙar tuta a ranar ba, sai dai sauran ba sa neman kambu, shi ya sa ba a tuna su.

Ita kuwa gugar, ga yadda ta auku. Mafitar gareji a Phillip Island tana haɗuwa da hanya ne a bakin kwana ta farko, ɗaya daga cikin mafi gudu a filin. Marquez ya fito a kan babur na biyu daidai lokacin da Lorenzo ya iso da cikakken gudu, suka gogi juna, Allah ya sa ba wanda ya faɗi. Babur na biyu kullum da haɗarinsa: ana naɗe tayoyinsa da bargon lantarki don su yi ɗumi, amma ɗumin bargo bai kai na kwalta ba, birkin kabon kuma ba ya cizo sai ya ɗau zafi. Bayan 'yan zagaye aka ɗaga baƙar tutar da lamba 93, lambar Marquez.

Lorenzo a kan Yamaha ya ci tseren da tazarar kusan daƙiƙa bakwai. Pedrosa ya zo na biyu, Valentino Rossi na uku bayan fafatawa da Cal Crutchlow da Alvaro Bautista. Marquez ya shigo Ostareliya da maki 298, Lorenzo 255, tazara 43. Da ya ci tseren Lorenzo ya zo na uku, da a ranar an naɗa shi. Maimakon haka tazarar ta koma 18. A Motegi ta Japan Lorenzo ya sake ci, Marquez na biyu, saura 13. A Balensiya Lorenzo ya ci na uku a jere, Marquez ya lallaɓa ya ƙare na uku, ya ɗauki kambu da maki 334 da 330. Yana ɗan shekara 20, mafi ƙuruciya da ya taɓa cin babban aji, kuma sabon shiga na farko da ya yi hakan tun Kenny Roberts a 1978.

An sake ganin irin wannan tilas a Ajantina a 2016, bayan tayar Michelin ta Scott Redding ta ɓare a lokacin atisaye. Aka mai da tseren zagaye 20 tare da canja babur a tsakiya. Marquez ya shiga gareji a kan kari, kuma shi ya ci.

Na gode da filin da aka ba ni.

Mai bibiyar tseren babura, daga Kaduna