Sunan wa ke kan takardar inshorar?

Assalamu alaikum, Edita. Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya same mu bayan rasuwar mahaifinmu, ko wani zai tsallake ruɗanin da muka shiga.

Ko sati biyu ba a yi ba, ma'aikacin wani banki da ke bin Baba bashi ya kira ni. Ya yi ta'aziyya a gurguje, sai ya ce, "Mun ji za a biya ku kuɗin inshorar rai, ya kamata a fara da namu." Umma tana gefe tana ji. Nan take ta ce a ba su, ita ba za ta bar mijinta da nauyin kowa ba. Na fahimce ta sarai, amma na roƙe ta mu ga takardu tukuna.

Muka same su a ƙasan akwatinsa cikin tsohuwar ambulan, robar da ya ɗaure su da ita har ta narke ta manne. Ashe inshorar biyu ce. Lauyan da muka kai wa ko yawan bashin bai tambaya ba. Tabarau ya gyara, ya ce, "Sunan wa ya rubuta?"

A ta farko, sunan Umma ne da na ƙanwata. Ya ce wannan kuɗin ba ya shiga cikin abin da mamaci ya bari. Kamfani zai biya su kai tsaye, mai bin bashi kuwa haƙƙinsa yana kan dukiyar mamacin ne. Ta biyun, wadda aka yi masa a wurin aiki, sunan kakarmu ne a kai, ita kuwa ta daɗe da riga shi rasuwa, bai taɓa komawa ya sauya ba. Tunda babu rayayyen da za a miƙa wa, kuɗin ya faɗa cikin dukiyar gado, kuma a nan sai an biya bashi kafin magada su ga ko sisi. Daga wannan kuɗin bankin ya karɓa, da gaskiyarsa.

Lauyan ya kuma tambaya ko Baba ya jinginar da inshorar lokacin karɓar rancen, ko kuma wani cikinmu ya sa hannu ya tsaya masa. Da ɗaya ya faru, da zancen ya sauya. Ba a yi ko ɗaya ba.

Kowace ƙasa da tata dokar, amma tsarin ba sabo ba ne. A Ingila, tun 1882 doka ta ce inshorar da mutum ya yi don matarsa ko 'ya'yansa amana ce tasu, bashinsa ba ya hawa kanta, sai dai in ya zuba kuɗin ne don ya zille wa masu binsa, nan za su iya karɓar daidai abin da ya zuba. A Malesiya, dokar 2013 kan harkokin kuɗi na Musulunci ta bai wa mai takaful, wato inshorar Musulunci, zaɓi: ya rubuta mutum a matsayin wasiyyi mai rabawa, ko a matsayin wanda aka yi wa kyauta. In kyauta ce, ba ta shiga gado, bashi ba ya taɓa ta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wanda ya kira ni aikinsa ke nan kullum, da wuya a ce bai san wannan bambanci ba. Ya dai lissafa cewa mai sabon rashi ba ya musu.

Kada a ɗauka ina cewa a yi wasa da bashin iyaye. Akwai wani tsohon abokin Baba da ya ranta masa kuɗi ba rubutu ba shaida, bai ma zo tambaya ba, a ɗan littafin Baba muka ga sunansa. Umma da kanta ta cire daga rabonta ta aika masa, ba wanda ya tilasta ta.

Ni kuma a makon nan na nemi tawa takardar a wurin aiki. Sunan Baba na tarar a kai.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka