Amsa ga malamin da ya ce gara a yi wa masu inshorar lafiya irin na Amurka

Malam, assalamu alaikum.

A shirin rediyon da aka yi kan taimakekeniyar lafiya, wato inshorar lafiya, ka bugo waya ka jefo mini tambaya, lokaci ya ƙare ban amsa ba. Ka ce kana koyarwa a wata firamare ta ƙauye a Kano ta Kudu, duk wata ana yankar albashinka da sunan lafiya, amma ranar da ka kai maiɗakinka asibiti da kati a hannu, takarda aka rubuta maka aka ce ka tafi kemis. Sai ka ce: da wane baki za a zargi Amurkawan da suka yi murna da harbe shugaban kamfanin inshora, kuma in ba haka ba, me talaka zai yi?

Fushinka yana kan hanya, wanda aka ci wa haƙƙi dole ransa ya ɓaci. Murnar ce ban yarda da ita ba. Ranar 4 ga Disamba 2024 aka harbe Brian Thompson, shugaban kamfanin inshorar lafiya na UnitedHealthcare, a bakin wani otal a birnin Niyu Yok, bayan kwana biyar aka kama wanda ake zargi a jihar Fensilbaniya. Dubban mutane sun yi ta dariya a Facebook, kowa yana kawo labarin yadda kamfani ya ƙi biya wa mahaifiyarsa ko ɗansa kuɗin aiki. Ɓacin ransu gaskiya ne. Amma mutumin ya bar 'ya'ya biyu marayu, kamfanin ya naɗa wani a kujerarsa, aiki ya ci gaba. Mu kuwa mutanen Kano mun fi kowa sanin abin da ke faruwa idan taron jama'a ya mai da kansa alƙali. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo bisa zargi kawai, da yawansu 'yan Bunkure ne. Waɗanda suka yi wannan aika-aika su ma cewa suka yi sun gaji, hukuma ba ta kare su. Idan muka halatta jini saboda gajiya da zalunci, gobe wanda za a tare shi ne ma'aikacin da ke kwana shi kaɗai a asibitin sha-ka-tafi, wanda ko sisin kuɗinka bai taɓa gani ba.

To, ina kuɗin naka ke maƙalewa? Abin da aka cire maka ba asibitinku yake zuwa kai tsaye ba. Asusun hukuma yake fara shiga, KSCHMA a Kano, JICHMA a Jigawa, NHIA ga ma'aikatan tarayya. Daga nan ake biyan asibitin da ka zaɓa wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mai rajista, ko ya yi ciwo ko bai yi ba. A tsarin tarayya an daɗe ana biyan naira 750 a wata kan mutum ɗaya, sai a 2025 ya kai 1,450. Da wannan ake so asibiti ya ga mara lafiya, ya yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, ya ba da magani. Ka auna wannan da farashin magani a yau. Idan kuɗin ya yi jinkirin wata biyu, ko sunanka bai fito a jerin da aka aiko wa asibitin ba, sito zai bushe, mai ba da magani kuma ba shi da abin faɗi sai "babu". Wani lokacin kuɗin ya zo, an karkatar da shi ne, ko an ajiye maganin don masu biya nan take. Kowanne da inda ake kai kukansa, don haka sai ka fara gano wanne ne ya same ka.

Ka fara da jerin sunaye. Ka je wurin mai kula da teburin inshora a asibitin, ka ce a nuna maka sunanka da na iyalinka a jerin wannan watan. A tsarin tarayya mace ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 ake ɗauka, ragowar sai an yi musu ƙarin rajista. Magidanta da yawa sai a gaban likita suke jin cewa amarya ko ɗa na biyar ba sa ciki. Haka nan wanda aka yi wa canjin wurin aiki bai sauya asibiti ba, kuɗinsa na can yana tafiya tsohon garin.

In sunan yana nan aka ce babu magani, kada ka fita da baki kawai. Ka tambaya ko maganin yana cikin jerin da tsarin ya amince da shi. In yana ciki, samo shi nauyin asibiti ne, abin da ke kan ma'aikaci a tsarin tarayya kashi 10 cikin 100 ne na kuɗinsa. In larura ta sa dole ka saya, ka sa a rubuta "babu" a jikin takardar da kwanan wata da sa hannu, ka karɓi rasidi a kemis, ka ɗauki hotonsu a waya. Ƙorafin da ba takarda a ofis hira ce. Ka rubuta naka, kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa ka riƙe. Kuma kada ka je kai kaɗai: malamai ashirin masu rasidi ashirin ta hannun reshen ƙungiyar malamai ta NUT na ƙaramar hukuma, tare da kwamitin ci gaban mazaɓa da dagaci, sun fi ƙarfin a ce musu "a dawo gobe".

Inda aka fi wahala shi ne turawa babban asibiti, don tiyata ko ganin ƙwararren likita. Wannan ba ya cikin kuɗin kan mutum ɗaya, daban ake biyansa, kuma sai da takardar turawa da lambar izini. Wanda ya tsallake asibitinsa ya wuce birni kai tsaye, shi zai biya. Tun Afrilun 2025 NHIA ta umarci kamfanonin inshorar da ke ƙarƙashinta su ba da lambar cikin awa ɗaya. Ka rubuta lokacin da aka nema da sunan wanda ya nema, domin jinkirin kan faru ne tun daga asibitin, ba a ma aika buƙatar ba.

Akwai abu guda da nake roƙon ka karanta wa mutanen garinku bayan sallar Juma'a, tunda ƙwacen waya da sara sun iso har ƙauyuka. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, hukuncin saɓawa tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar 2017 ta masu raunin harbi kuma ta wajabta a fara magani ko babu takardar 'yan sanda, ko ba a ajiye kuɗi ba, asibitin ne zai sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa biyu. Har yau ana barin mutum yana zubar da jini a kan benci ana jiran rahoto, masu babur kuma suna tsoron ɗaukar wanda aka sara kada a riƙe su, alhali dokar 2017 ta hana a tsangwami wanda ya kawo mai raunin harbi. A danne raunin da tsumma mai tsabta, kada a zare wuƙar in tana jiki, a nufi asibiti mafi kusa mai ɗakin tiyata, wani daban ya tafi caji ofis.

Allah ya ba maiɗakinka lafiya. Ka aiko mini da hoton takardar da rasidin ta hannun gidan rediyon, in duba ko maganin yana cikin jeri.

Wassalam.