Zaren da ya sha ruwa

Houston, daren Lahadi

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya amarya, ya jikin Hajiya? Na ga saƙonka na "ko ka mutu ne?" tun kafin Babbar Sallah, kunya ce ta hana ni amsawa, kullum sai in ce gobe. Ina nan da raina. Firintar 3D ɗin nan, mai narka zaren roba tana buga kaya layi kan layi, ita ce ta riƙe ni, kuma yau na yi galaba a kanta, shi ya sa na ce ba zan kwanta ba sai na ba ka labari, tunda kai ka fara yi mini dariya ranar da na saye ta.

Ka tuna na ce maka Ender 3 ce ta hannu, wajen wani ɗalibi da ya gama karatu zai koma ƙasarsu? Ya haɗa mini da naɗin zaren roba uku, kowanne kilo ɗaya, a buɗe, babu leda. Ni ina ta murna an yi mini gyara, ashe wahala na ɗauko da hannuna.

Sati uku cur ina buga ɗan kwalekwalen gwajin nan da kowa ke farawa da shi, Benchy. Duk wanda ya fito sai ka gan shi da gashi buzu-buzu kamar ya kwana a ɗakin da gizo-gizo ya yi saƙa, jikinsa kuma kaushi kamar diddigen Dogo da hunturu. Babu abin da ban taɓa ba. Na daidaita farantin da takarda ya fi sau ashirin. Na cire bakin injin na sa sabo, shi ma mai faɗin milimita 0.4. Na ɗaure bel. Na sauke zafi daga digiri 210 zuwa 195, na sake mayarwa. Na shiga Cura, manhajar da ke tsara wa injin aiki, na dagula duk wani saiti da idona ya gani, har na manta yadda yake tun farko. Duk wannan lokacin injin yana wani ƙara, tas, tas, kamar ana soya gugguru, ni kuwa na ɗauka haka muryarsa take. Injiniya guda! Kar ka gaya wa 'yan ajinmu na Samaru, don Allah.

Wanda ya cece ni wani dattijon Bature ne maƙwabcina, tsohon mai walda, irin mutanen nan da ke wuni a gareji ƙofa a buɗe. Ya zo aron tsani, ya ji ƙarar, ya tsaya ya kasa kunne. Bai ko kalli injin ba. Ya kama bakin zaren ya lanƙwasa, ya karye ƙas kamar ɗanyar taliya. Ya ce zarenka ya sha ruwa. Na ce ruwa kuma, ai ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ya yi dariya ya nuna mini sama.

Ashe robar tana tsotsar laimar da ke cikin iska a hankali. Garin nan kuwa kusa da Tekun Meziko yake, iskarsa kamar ta Fatakwal a watan Agusta, ka yi wanka ka fito kana gumi. Idan zaren ya shiga bakin injin mai zafin digiri 200, ruwan da ya ɓuya a ciki sai ya tafasa ya zama tururi ya fashe. Wannan ne gugguru na. Kowace fashewa rami ce a jikin abin da kake bugawa, kuma layi ba ya kama layi da kyau. Ilimin aji biyu na sakandare, amma sai da mai walda ya tuna mini.

To, ka san ni da gaggawa. Ya ce a busar, ban tsaya jin sauran ba, na jefa naɗi ɗaya a obin ɗin kicin na kunna mafi ƙarancin zafi. Mafi ƙarancin nasa 170 ne a ma'aunin Fahrenheit na mutanen nan, wato wajen 77 a namu, alhali PLA, wato irin zaren nan nawa, tun daga wajen 60 yake fara laushi. Na dawo na tarar da curi guda kamar alewar da aka manta a rana. Uwargida ta kwana biyu tana cewa burodinta na warin bokiti. Daidai ɗinsa shi ne 45 zuwa 50 a namu ma'aunin, na awa huɗu zuwa shida. Wani irin zaren kuma, PETG, ya fi jure wuta, wajen 65. Dattijon ya ara mini na'urar da yake busar da nama, irin nasu kilishin marar yaji marar daɗi, na cire tirarrukan na sa naɗi na biyu. Bayan la'asar na buga. Wallahi shiru kake ji. Kwalekwale ya fito sumul, har na ɗauke shi hoto ta kowane gefe kamar jariri. Yanzu zaren yana cikin robar ajiya mai murfi, tare da 'yan ƙwayoyin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, da ɗan agogon auna laima a ciki.

Af, ka ce mini Alhaji Ƙarami ya ƙara aure? Da wane kuɗin? Bashina na tun bikin ƙanwarka bai biya ba. Ka gaya masa ina lissafawa da dala.

Ga inda labarin ya juya. Da na mayar da na'urar na shiga garejin nasa, sai na gane dalilin da ya san zare haka. Shi da wasu abokansa bindiga suke ƙerawa da firinta, abin sha'awarsu ke nan, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru. A nan jihar Texas abin ya samo asali: a 2013 wani ɗalibin lauya a Austin, Cody Wilson, ya saki zanen wata ƙaramar bindigar roba da ya kira Liberator, aka sauke shi fiye da sau 100,000 cikin kwana biyu kafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta sa a cire. A shekarar ne 'yan sanda a Ostareliya suka buga irinta da firinta don gwaji, ta tarwatse. Dattijon ya ce shi ya sa mutanensu ba sa wasa da busar da zare: ni idan nawa ya jiƙe kwalekwale ne zai yi muni, su kuwa yatsu ne za su tafi. Yana faɗa yana dariya.

Ya ce in zo ranar Asabar ya nuna mini. Na ce na gode, a kai kasuwa. Na farko, mai bizar karatu irina dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai da wasu 'yan togaciya, ni kuwa ban zo nan don a tasa ƙeyata gida ba. Na biyu, kuma shi ne na gaskiya, na kasa yi masa bayani. Shi bindiga abin wasan ƙarshen mako ce, a je fili a harbi gwangwani a dawo a gasa nama. Ni da na ji kalmar, hanyar Birnin Gwari nake tunawa, da daren da muka kwana muna kiran wayar Kawu ba ta shiga. Na fara ba shi labarin, na ga yana gyaɗa kai irin na ladabi, sai na yi shiru na koma zancen zare. Mutumin kirki ne, har yanzu muna gaisawa ta kan shinge.

Wannan ya tuna mini: ƙaninka ya turo mini wani bidiyo a WhatsApp yana tambaya wai da gaske ne ana ƙera bindiga da firinta, kuma ko zan iya. Na san yarinta ce, amma ka ja masa kunne. A gida ƙera makami ba da izini ba laifi ne babba, kuma irin wannan saƙon a waya kaɗai ya isa ya jawo masa kwanan da bai shirya ba. In firinta yake so, ya zo in koya masa buga maƙalin waya da murfin batirin rimot.

Kai kuma da kake tunanin sa ɗaya a shago, hunturu abokinka ne, iskar Kano a Janairu ta fi kowace na'ura busarwa, sai dai ƙura. Damina ce za ta ba ka wuya, ka tanadi robar ajiya tun yanzu. Kar ka bar abin da ka buga a cikin mota a watan Afrilu, zai lanƙwashe. Kuma ka haɗa ta da inbata, don aikin awa tara in aka ɗauke wuta a awa ta takwas, hawaye za ka yi. Kar ka ce ina yi muku gori, mu ma da guguwar Beryl ta zo a Yulin 2024 gidaje sama da miliyan biyu suka zauna a duhu, har na ji kamar ina Sabon Gari.

Akwai wata tambaya da ka yi mini a saƙon can, ta takardu ce ko ta fili, na duba ban gan ta ba. Sake turowa. Kuma kar ka ba kowa kilishi ya kawo mini, a filin jirgi za su ƙwace. Yaji kawai, mai yawa, na wajen Inna.

Ka gaida amarya, ka ce mata ina buga mata abin rataye makullai, sunanta a jiki.

Naka,
Sarkin Gaggawa