Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Magajin Gari Kan Zanen Bangon Unguwanni

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu masu zanen bango ne da maƙera da masu gyaran ayyukan fasaha. Roƙonmu kan ƙawata unguwanni shi ne a tanadi kuɗin kula da aikin tun kafin a buɗe gwangwanin fenti, domin da an watse daga bikin buɗewa ba a cika waiwayarsa ba.

Yawancin zanen da ke lalacewa laifin bango ne. Sabon filastan siminti yana buƙatar aƙalla kwana 28 kafin fenti ya taɓa shi. In ɗan kwangila ya yi gaggawa, ɗanyen siminti zai cinye launin, gishiri ya feso fari fat ya ɗaga fentin. Gwajin ba wuya: a manna leda a bangon da salatif ta kwana ta yini, in aka ga raɓa a ƙarƙashinta, bai bushe ba. A duba sama kuma, don bangon da ba a rufe kansa ba yana shan ruwan sama ta ka, ya ɓanɓare daga ciki. Daga nan a wanke, a toshe tsaga, a yi shafin farko, a zana, sannan a bi da shafi biyu na man kariya daga rana. Ja da rawaya masu ƙyalli su ke fara koɗewa, launukan ƙasa sun fi jimiri.

Sassaƙen ƙarfe yana son huda a gindi don ruwa ya fice, kuma kada a ɗaure ƙarafa iri biyu ba abin da ya raba su, tsatsa za ta ci ɗayan.

Birnin Filadelfiya na Amurka ya fara ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin gine-ginen hukuma don fasaha tun 1959. A yi irin wannan doka, amma a ware rabon wanki da gyara a ciki. Kowane aiki ya samu fayil: hotuna, sunayen fenti, mai bangon, da wanda gyara ya rataya a wuyansa.

A kuma zauna da mazauna unguwa kafin a zaɓi zane. Katangar ƙarfen da Richard Serra, mai sassaƙa ɗan Amurka, ya kafa a wani dandali na birnin Niyok a 1981 ta tare wa ma'aikata hanya, suka yi ta ƙorafi har aka cire ta a 1989.

Allah ya yi jagora.

Naka,
Masu zanen bango da maƙera