Sanarwa ga ƴan rukunin masu tausa na Garwa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wasu sun tambaye ni game da aika takardar talla kai tsaye ga mutane, maimakon dogaro da WhatsApp kaɗai. Ga abin da na gani.

Kar ku ɓata kuɗi a gidan waya. A nan Kamaru wasiƙa ba ta zuwa ƙofar gida, akwatin da mutum ke da shi a gidan waya (BP) take shiga, wani kuma sai ya yi wata bai buɗe nasa ba. Ni hannu da hannu nake yi. Na buga kati da Faransanci, na sa a ambulan, na rubuta sunan mutum a kai da biro, ɗan mashin ya kai ofisoshin unguwar Plateau da wajen masu motsa jiki na unguwar Roumdé Adjia. Ambulan mai suna ana buɗe shi. Wanda babu suna, mai gadi ne ke fifita da shi.

A katin ku sa farashi da sefa, lambar da ake biya ta waya, wato Orange Money ko MoMo, da ko kuna zuwa gida. Mata su rubuta ƙarara cewa mata kaɗai suke yi wa, na manta da wannan a karon farko na sha kiran banza har dare.

Don Allah kar wanda ya rubuta cewa tausa na warkar da hawan jini ko shanyewar jiki. Gajiya da ciwon baya sun isa.

Mai son mu haɗa kuɗin bugawa ya yi magana kafin Juma'a.