Ɓawon jatan lande zai kai ni Jamus

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya Kano, ya Umma da jiki? Tun bikin ƙanwarka ban ji ɗuriyarka ba, kuma kada ka sake ce min waya ce ta faɗa ruwa.

Albishirinka! Tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, ya fito, bayan Sallah zan tafi Jamus. Kai da kake kirana mai tsintar shara don ina bin masu kifi ina roƙon ɓawon jatan lande, to ga inda sharar ta kai ni.

A cikin ɓawon nan akwai wani sinadari, kaitin. Idan muka dafa shi da soda mai ƙarfi sai ya koma kaitosan, wato polima, doguwar sarƙa ce da naitirojin a jikin gaɓoɓinta. Kowane naitirojin yana da ilektoron biyu da ba su da aikin yi, su ne ke cafke ƙwayar ƙarfe mai caji da ta narke a ruwa: tagulla, darma, zaiba. Da idona na ga 'yan dunƙulen kaitosan da muka yi, farare tas, na zuba su cikin ruwan tagulla, kafin la'asar sun rine sun yi shuɗi, ruwan kuma ya washe. Ihun da na yi sai da mai gadi ya leƙo.

Amma abin akwai rigima. In tsamin ruwa ya yi yawa, haidirojin ke riga ƙarfen zama a kan naitirojin, sarƙar ma narkewa take yi. In ka ɗaure sarƙoƙin da juna don kada su narke, ɗaurin ya cinye maka wasu daga cikin wuraren kamun. Wannan ne ke hana ni barci. Ga kuma ruwan kogunanmu Offin da Pra, wanda 'yan galamse, masu haƙar zinariya da zaiba ba bisa ƙa'ida ba, suka mayar kamar koko. Laka da kalsiyam da baƙin ƙarfe duk suna ciki suna cunkoso, zaibar da muke nema kuwa 'yar mitsitsiya ce a tsakaninsu. Ghana ta shiga yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba tun 2017, amma je ka garin Dunkwa ka kalli kogin Offin.

Su can Jamus suna da na'urar da ke gano ƙarfe ko da kashi ɗaya ne cikin biliyan. Mu kuma muna da gurɓataccen ruwa na gaske, ba wanda aka haɗa a kwalba ba. Shi ya sa ba na son jin ana cewa taimakonmu suke yi, ciniki ne. Ɗalibarsu da ta zo nan KNUST, jami'armu ta Kumasi, ma ta yarda da haka. Na kai ta unguwar Aboabo cin wake da shinkafa, ta labta shito, miyar barkonon nan tamu, duk da gargaɗina, ta yi ta hawaye tana cewa da daɗi.

Af, Kawu ya ƙara aure! Ba zan faɗa maka wace ce ba, amma ka san shagon mahaifinta a kasuwar Kejetia. Hajiya kuwa tun da ta ji batun tafiya take haɗa min garin tuwon zafi da kuka, wai kada Turawa su kashe ni da burodi.

Akwai abin da na zauna in tambaye ka, ya shige min. Ko rigar sanyin nan taka ce? In tana nan ka ba direban motar goro ya taho min da ita. A gaida Umma, ta sa ni a addu'a.

Naka,
mai tsintar shara