Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan uranium mazauna Maradi

Ƴan uwa, assalamu alaikum. Ga abin da kwamiti ya gudanar bana.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne kai mutane a duba musu ƙirji. Tun da aka rufe ramin Akuta da ke kusa da Arlit ranar 31 ga Maris 2021, bayan ana haƙar uranium a cikinsa tun 1978, abokan aikinmu da dama suka dawo gida, wasu nan cikin gari, wasu Tasawa, Dakoro da Madarunfa. Sai ka tarar mutum ya yi watanni yana tari, tafiyar masallaci ma sai ya tsaya ya huta, amma ya ce hunturu ne, ya sayi ƙwaya wurin mai tebur. Mun bi irinsu gida-gida, muka raka su asibiti aka ɗauki hoton ƙirji, aka auna kaki. Waɗanda aka samu da tarin tibi sun shiga magani na wata 6, kuma kyauta ne.

Da azumi ya wuce, mun gayyato wani likita ya yi mana bayani kan illar radon da ƙurar rami ga huhu. Radon iska ce da ke fita daga dutse mai uranium, ba launi, ba wari, tana taruwa a rami mai zurfi in iska ba ta zagayawa sosai. Ɓurɓushinta yana manne wa ƙura, ya shige huhu ya zauna yana yi masa illa, ciwon kuwa sai bayan shekaru yake bayyana. Ƙurar dutsen kanta tana taurara huhu, kuma abin da ya taurara ba ya komawa daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba, radon na cikin manyan abubuwan da ke jawo sankarar huhu, kuma haɗarinsa ga mai shan taba ya ninka na wanda ba ya sha kusan sau 25. A ganin kwamiti, duk wanda ya taɓa shiga rami kuma har yau sigari na bakinsa, shi ke ƙara wa kansa. Wasu sun bari bayan zaman, wasu kam sai addu'a.

Batun takardu bai yi nisa ba. Kafin a nemi haƙƙin ciwon aiki a CNSS, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, sai da shaidar aiki, takardun albashi da sakamakon awon lafiya. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta kawo mana nasa cikin baƙar leda, gara ta cinye rabi. Waɗanda suka yi aiki ƙarƙashin ƴan kwangila kuwa, galibi ba su da ko ɗaya. Mun fara ɗaukar hoton kowace takarda da salula muna adanawa.

Asusu ya tafi ga kuɗin mota, hoton ƙirji da ta'aziyya. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji. Taro mai zuwa kowa ya zo da takardunsa, har da tsohon hoton ƙirji in yana da shi.